Akwati Biyar

Ranar Talata aka raba mana takarda
a ɗakin shan shayi na asibitinmu a Sheffield.
Tambaya ɗaya, akwati biyar:
me ka fi so a wurin aikinka?
Albashi. Ƙarin girma. Lokaci. Mutunci. Abokan aiki.
Zaɓi ɗaya, kada ka wuce ɗaya.

Gwen, mai shekara ashirin da shida tana gugar zanen gado,
ko zama ba ta yi ba ta ja layi a kan albashi.
"Mutunci ba ya biyan kuɗin gas," in ji ta,
ta ajiye biro kamar mahauci ya gama fawa.

Dakta Hollins, likitan ƙashi,
wanda motarsa ta fi gidan hayarmu tsada,
ya daɗe yana kallon takardar har shayinsa ya huce.
Lokaci ya zaɓa.
Ɗansa ya fara tafiya makon jiya, a waya ya gani.

Ni kuwa Tanimu, mutumin Gusau,
mai tura gadon marasa lafiya daga hawa na uku zuwa ɗakin hoto,
na ninke tawa na sa a aljihu.

Tasalla matata bas take tuƙawa.
Ta karanta tana kwance igiyar takalmi.
"Ƙarin girma," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba.
"Shekara shida ina murɗa sitiyari a tuddan garin nan
cikin ruwan da ba ya sallama.
Yaran da na koya wa shan kwana
su ke rubuta mini jadawali yau.
Na gaji da kujera mai girgiza.
Tebur nake so, da sunana a jikin ƙofa."

Na yi shiru.
Da muna yara an ce wannan yunwar ta maza ce,
mace inuwa take nema kusa da 'ya'yanta.
Ko sanyin ƙasar nan ne ya birkita lissafin,
ko kuwa tun can mai lissafin bai tambayi kowa ba.

Don ni, in za a bar ni in faɗi gaskiya,
ƙarfe uku da kwata nake so:
ina tsaye a ƙofar makaranta da lema,
Ummita ta fito tana jan jaka a ƙasa
da ƙarar wanda ya cinye mata biskit.
An yi mini tayin shugabancin masu aikin dare,
ƙarin fam biyu a kowace awa.
Na ce a bari in yi shawara.
Wata huɗu ke nan ina shawara.
A masallaci ban faɗa wa kowa ba,
na san Alhaji Barau zai riƙe haɓa:
namiji da gudun kuɗi?

Ga kuma abin da ba a yi masa akwati ba.
Jiya tsoho Pickering, a hanyar tiyata,
ya kama hannuna cikin lif:
"Kada ka yi sauri, ɗana."
Na rage gudu har ƙofa.
Wannan a ina zan ja masa layi?

"Kawo," in ji Tasalla.
Da hannun da ta taɓa miya ta karɓa,
ta ja layi mai kauri a kan lokaci.
"Ai na san da tayin.
Gwen ta hau motata tun watan azumi.
Riƙe ƙarfe ukunka, malam,
ni zan kamo mana teburin."

Da safe na tarar da kwanduna biyu a ofis,
yarinyar da ke tattarawa tana rarrabewa:
na maza nan, na mata can.
Na tsaya da takarda mai tabon manja,
amsar tawa ce, rubutun na Tasalla.

Aka kira ni hawa na uku.
Na miƙa mata, na ce ta sa inda ta ga dama.